Find My Device na Google: yana da kyau, amma kuɗinka a layi suke

Jama'a da yadda ƙwacen waya ya zama ruwan dare, musamman a Kano, bari in faɗi ra'ayina kan wannan abu na Google, Find My Device, wanda a 2025 suka sake masa suna Find Hub, mai nuna maka inda wayarka take a taswira in ta ɓata, ka kuma iya kulle ta ko goge ta daga nesa. Kyauta ne, yana cikin wayarka ta Android tun daga kwali, sai dai yawancinmu ba ma waiwayarsa sai bayan an yi mana aika-aika.

Abin da ya fi burge ni ƙarin da suka yi ne a 2024. Ka shiga saitin, ka danna Google, ka nemi Theft protection, wato kariya daga sata, ka kunna duk abin da ka gani a wurin. Akwai wanda idan kana cikin adaidaita kana latse-latse wani ya fizge wayar ya zura da gudu, ita da kanta za ta ji fizgar ta kulle fuskarta. Ni dai android.com/lock ne gwanina, ka ari wayar na kusa da kai ka sa lambarka kawai shi ke nan ta kulle, ba sai ka tsaya tuno fasuwod ɗin Gmail ba hankalinka a tashe jikinka na rawa. Amma fa sai ka kunna tun kafin a sace, kuma mai jin fizgar nan ba ya aiki a ƙananan wayoyi masu Android Go, alhali su talaka ya fi riƙewa.

Taswirar kuwa kar ka sa rai sosai, ɓarawo ba wawa ba ne, abu na farko kashe wayar zai yi. Ko ka ga inda take don Allah kar ka bi shi kai kaɗai, yaran nan da makami suke yawo, ka danna *#06# tun yau ka rubuta IMEI, wato lambar shaidar wayar da za ta fito, a takarda don ka kai wa 'yan sanda. In ka fidda rai ka ba da umarnin goge komai, zai goge da zarar ta hau intanet, daga nan kuma ba ka sake ganin ta a taswira.

To ga inda gizo ke saƙa. Duk wannan waya yake karewa, layi ba ruwansa. Mutumin zai zare sim ya zura a ƙaramar waya, kod ɗin banki ya riƙa shigo masa, ya ja WhatsApp ɗinka ya fara roƙon 'yan uwanka kuɗi da sunanka wai kana asibiti. Don haka ka sa wa sim ɗinka PIN, an yi kuskure sau 3 ya rufe sai da PUK, wato lambar buɗewa da kamfanin layin ke bayarwa, WhatsApp ma ka sa masa PIN ɗin nan mai lamba 6. Ranar da abin ya faru, Allah ya kiyaye, banki za ka fara kira su rufe akawun, sannan ka ɗau NIN ka je ofishin layin a yi maka walkam bak, wato a dawo maka da lambarka a sabon sim.

Tauraro 4 na ba shi cikin 5, ɗayan na riƙe ne saboda masu ƙananan waya da aka bari a baya.