Na gama kallon Fosse/Verdon, ga yadda na ga abin

Shirin nan kashi 8 ne, tashar FX ta Amurka ta fitar a 2019, labarin Bob Fosse ne, mai tsara rawa kuma darakta, da matarsa Gwen Verdon, 'yar rawa kuma 'yar wasa. Gaskiya ya cancanci datar da na ƙona, amma ba don Fosse ɗin ba, don matar.

Shi dai gwani ne, wannan ba musu. A 1973 shi kaɗai ya lashe kyautar Oscar ta fim da Tony ta wasan dandamali da Emmy ta talabijin, Oscar ɗin ma da fim ɗinsa Cabaret ya kada daraktan The Godfather. Salon rawarsa kana gani ka gane, gwiwoyi a karkace ciki, kafaɗa a ranƙwafe, ana ɗan kaɗa yatsu, ga hula an turo ta gaban goshi, hular ma sanƙo ne ya sa shi fara sawa. Sam Rockwell ya kwaikwaye shi sosai har da sigarin nan da baya barin bakinsa.

Amma wallahi abin da ya tsaya min a rai Gwen ce. Fim ɗin farko da Fosse ya yi darakta, Sweet Charity, ya faɗi warwas a 1969, ana ɗaukar Cabaret a Jamus aiki ya cushe masa ita ce ta je ta gyara, har jirgi ta hau ta koma New York don kawai ta ɗauko kayan goggon biri da ake buƙata a waƙa ɗaya, shi kuwa a lokacin yana can yana cin amanarta da wata. Sun rabu a 1971 ba saki, ta cigaba da yi masa aiki, ranar da ya yanke jiki ya faɗi a kan titi a birnin Washington a 1987 ma tana tare da shi. Michelle Williams da ta fito a matsayinta ta ci Emmy, kuma hakkinta ne, kalli fuskarta kawai lokacin da ake yabon mijin.

Inda suka gaza, rawar tayi kaɗan, ana fara jin daɗi sai a yanke, sannan yawan tsalle daga wannan shekara zuwa waccan yana rikita mutum, sai da na riƙa mayarwa baya. Kuma don Allah kar a kunna a falo gaban yara, akwai shaye-shaye da wuraren da basu dace ba.