Alƙaluma ko Hira: Wanne Ya Dace da Binciken Shirun 'Yan Aji?

Malama, na ga tambayarki tun jiya, na bari sai na samu natsuwa don kada in ba ki amsar tsaitsaye. Kin ce kina digiri na biyu a fannin ilimi, kina kuma koyarwa a sakandare, kuma abin da ya tsaya miki a rai shi ne yadda za ki jefa tambaya a aji ɗalibai su yi tsit kamar ruwa ya ci su. Mai duba aikinki ya ce ki kawo tsarin bincike, ke kuwa kin rasa wanda za ki kama: binciken alƙaluma, wanda a jami'a ake ce wa kwantitetif, ko binciken hira da lura, wato kwalitetif. Kin ƙara da cewa ranki ya fi kwanciya da na biyun saboda an ce miki ya fi sauƙi, tunda babu lissafi.

Wanda ya faɗa miki haka bai taɓa zama ya kwashe hirar awa ɗaya daga rikoda zuwa takarda ba. Za mu zo wurin.

Shirun ɗalibai damuwa ce, bai zama tambayar bincike ba tukuna. Tambayoyi biyu na iya fitowa daga cikinsa, kuma kowace da hanyarta. Ta farko: idan malami ya ƙara lokacin da yake jira bayan ya yi tambaya, shin masu amsawa za su ƙaru? Ta biyu: me ke gudana a ran yaro a wannan ɗan tsakanin, har ya san amsa amma ya ƙi ɗaga hannu? Ta farko sai da ƙirga. Ta biyu kuwa ko za ki kwana kina ƙirga hannuwa ba za ki same ta ba, sai kin zauna da yaron.

Ta farkon tana da tushe mai kyau. A farkon shekarun 1970 wata masaniyar koyar da kimiyya a Amurka, Mary Budd Rowe, ta saurari darussan da aka naɗa a kaset tana auna lokaci, ta gano cewa yawancin malamai ba sa jiran fiye da kamar daƙiƙa 1 kafin su maimaita tambayar, ko su kira wani, ko su amsa da kansu. Da aka kai jiran daƙiƙa 3 zuwa sama, amsoshin yara suka ƙara tsawo, waɗanda ba sa magana suka fara sa baki. Idan wannan za ki gwada, kina buƙatar rukuni biyu, ɗaya a yi masa sabon salon, ɗaya a bar shi yadda yake, a auna su kafin a fara da kuma bayan an gama. Makaranta ba za ta bari ki wargaza azuzuwanta ki sake raba yara da ƙuri'a ba, don haka abin da za ki yi shi ne irin gwajin da masana Campbell da Stanley suka fayyace a 1963, wanda ake ɗaukar azuzuwa yadda aka same su. Nan tarkon yake. Idan malamai biyu ne ke koyar da azuzuwan, bambancin da za ki gani na salon ne ko na malaman? Idan ke ce ke koyar da duka biyun, kin tabbata fara'arki ba ta fi yawa a ajin da kike fatan ya yi nasara ba? Dole babi na uku na kundinki, wato babin tsarin bincike, ya amsa wannan kafin masu jarrabawa su tambaya.

Sai batun yawan mutane. A lissafin masanin alƙaluma Jacob Cohen, idan tasirin da ake nema matsakaici ne, ana buƙatar kimanin mutum 64 a kowane rukuni kafin a samu kyakkyawar damar gano shi. Kuma ko kin cika wannan adadin, aji biyu dai aji biyu ne. Gwajin da jihar Tennessee ta Amurka ta yi kan girman aji daga 1985 zuwa 1989 ya haɗa yara sama da 11,000 a makarantu 79, aka raba su da ƙuri'a tsakanin ƙananan azuzuwa masu yara 13 zuwa 17 da na yau da kullum masu 22 zuwa 25. Wannan aikin gwamnati ne da kuɗin gwamnati. Naki ba zai kai can ba, kuma babu mai neman ya kai, sai dai ki auna bakinki lokacin rubuta sakamako.

Wasu za su ce ki bar gwaji, ki raba takardar tambayoyi kawai. Ita ma alƙaluma ce, kuma ita ce aka fi yi: ma'aunin Likert na 1932 mai "na yarda sosai" zuwa "ban yarda ba sam", sai jadawalin Krejcie da Morgan na 1970 da ke cewa cikin mutum 500 a ɗauki 217, cikin 1,000 a ɗauki 278. Abin da ake mantawa shi ne jadawalin ya ginu ne a kan zaɓen ƙuri'a. Mutum zai kafa hujja da shi a babi na uku, sannan ya je ya raba takardu ga duk wanda ya tarar a bakin aji. Haka ma alfar Cronbach, lissafin da ake auna daidaituwar tambayoyin takarda da shi: samun 0.70 yana nuna tambayoyinki sun tafi tare, ba ya nuna cewa abin da kike nufi suke aunawa. A kan batunki ma ina da shakka ta musamman. Yaron da ke tsoron yin kuskure a gaban malami, idan aka miƙa masa takarda a aji, zai ɗauke ta jarrabawa ne, ya nemi amsar da yake jin ana so.

Yanzu ɗaya hannun. A binciken hira da lura ba ƙuri'a ake yi ba, da gangan ake zaɓe: yaran da ba a taɓa jin muryarsu ba, 'yan kaɗan daga masu yawan amsawa don a samu abin kwatantawa, da malamai biyu ko uku. Za ki zauna a bayan aji makonni kina rubuta wa aka kira, wa aka tsallake, me ya biyo bayan amsar da ba daidai ba, dariya ce ko tsawa ko gyara cikin lalama. Sannan hira. Mutum nawa? Babu jadawali. Akan kafa hujja da aikin Guest da abokansa na 2006, waɗanda suka yi hira 60 da mata a Ghana da Najeriya suka ga cewa yawancin jigogin sun riga sun fito tun a hira 12 na farko. To amma mutanensu kusan iri ɗaya ne, tambayarsu kuma tsukakkiya ce. Idan kin haɗa maza da mata, ƙananan aji da manya, 12 ba za ta ishe ki ba.

Ga lissafin da aka ce miki babu. Hira 15, kowace minti 40, awa 10 ke nan na magana. Kwashe awa ɗaya zuwa rubutu kalma bayan kalma yakan ci awa 4 zuwa 6, don haka kina da aikin awa 40 zuwa 60 kafin ma ki fara nazari. Idan da wani harshe aka yi hirar kuma da wani za a rubuta kundin, ga fassara ta hau kai. Bayan nan ne za ki karanta shafukan nan ki sake karantawa, kina yi wa kowace magana alama, kina tara masu kama da juna har jigogi su fito, kamar yadda Braun da Clarke suka tsara a matakai 6 a 2006. Manhajar NVivo na taimakawa wajen adanawa da lalubowa, amma ba ta yi wa kowa tunani. A ɗaya ɓangaren kuwa, idan alƙalumanki sun shiga manhajar lissafi ta SPSS ko jamovi da tsabta, gwajin kansa ba ya ɗaukar minti 5.

Wannan ne bambancin da na fi so ki riƙe: kowanne da inda wahalarsa ta taru. Ta binciken alƙaluma a gaba take. Sai kin fayyace me kike nufi da "shiga cikin darasi", yawan hannuwan da aka ɗaga ne, ko yawan yara daban-daban da suka yi magana, ko tsawon amsa. Sai kin gwada ma'aunin a wata makaranta kin gyara. Ranar da kika raba takarda 200 bakin alƙalami ya bushe, tambayar da ta karkace ta karkace ke nan. Ta binciken hira a baya take. Farkonsa daɗi, kina iya sauya tambaya bayan hira ta uku idan kin ga ba ta kamawa, amma ƙarshensa ne ke tsayar da mutane watanni, ga tarin shafuka ga wa'adi na matsowa.

Shi ma yana da nasa tarkon, kuma a wurinki babba ne: ke malamarsu ce. Yaron da ya yi shiru a gabanki cikin mutum 50 ba zai buɗe baki ba don kin kira shi ofis shi kaɗai kin ajiye rikoda. Gara ki yi aikin a makarantar da ba ki koyarwa, ki haɗa su biyar-biyar ko shida-shida su tattauna, kuma ki guji "me ya sa ba ka magana?" Wannan tuhuma ce. Ki ce, "Ɗazu da malamin lissafi ya yi tambayar nan, me ya zo maka a rai?" Masu jarrabawa kuma za su ce ta yaya aka san ba ra'ayinki kika sa a bakin yara ba. Amsar tana cikin sharuɗɗan da Lincoln da Guba suka kawo a 1985: ki haɗa abin da kika gani da abin da aka faɗa miki, ki koma wa wasu daga cikinsu da fassararki su tabbatar ko su musa, ki adana bayanin yadda kika kai ga kowane jigo.

Izini iri ɗaya ne a duka biyun: na kwamitin ɗa'ar bincike, na hukumar makaranta, na iyaye tunda yara ne, da yardar yaran kansu. Sai dai hira ta fi haɗari, domin ko kin sauya suna, jimla ɗaya na iya tona wanda ya faɗe ta a wurin malamin da aka yi maganarsa.

Za a samu mai ce miki ki haɗa biyun. Ana yi, kuma yana kyau idan akwai lokaci, amma bincike biyu ne a wa'adin ɗaya, ga ki da aji kullum, ga zangon karatu da hutu da jarrabawa ke gutsurewa. Ni ba zan ba ki wannan shawarar ba, sai dai in ɗayan ƙarami ne ƙwarai, kamar ƙirga daƙiƙoƙin jira yayin da kike zaune a bayan aji.

Da na sake karanta saƙonki, kalmar da kika yi ta maimaitawa ita ce "me ya sa". Saboda haka hira da lura nake ganin ya dace da ke, ba don sauƙi ba. Amma kafin ki rubuta layi ɗaya na babi na uku, ki je ɗakin karatu ki ɗauko kundaye uku na baya-bayan nan daga sashenku. Akwai sassan da tsarinsu ya ginu kacokan a kan hasashe da gwajin alƙaluma, kuma gara ki san haka yanzu ki tattauna da mai duba aikinki, da ki ji shi ranar kare kundi. Sannan ki yi hirar gwaji guda biyu, ki kwashe ɗaya gaba ɗaya da hannunki kina duba agogo. In kin gama, ki turo mana tambayar binciken a jimla ɗaya tare da adadin makonnin da makarantar ta amince ta ba ki, mu ga ko za su ɗauki juna.