Na je neman Fela a Yaba, na dawo da Joe Walsh

Bayan layin 'yan gwanjo a Yaba akwai wani ɗan shago da wani dattijo Bayarabe ke sayar da tsofaffin fayafayan garmaho. Ni gyaran rediyo nake yi a Agege, kuma garmahon da na gada wurin Baffa har gobe allurarsa garau take. Ranar Asabar na leƙa neman faifan Fela, sai idona ya faɗa kan bangon wani faifai: Bature zaune gaban teburin cin abinci, a ƙarƙashin ruwa. Na ce Baba, wannan kuma wane mahaukacin ne?

Ashe Joe Walsh ne, makaɗin jitar nan na Amurka da ya shiga ƙungiyar Eagles a 1975, wanda shi da Don Felder suka yi musayar kiɗa a ƙarshen waƙar "Hotel California". Faifan nasa ne shi kaɗai, But Seriously, Folks..., na 1978. Baba ya goge shi da ƙyalle ya ɗora mini kafin a yi maganar kuɗi, kuma wannan ɗabi'a tasa ce za ta sa in koma.

Masu sharhin kiɗa sun yaba wa faifan nan, kuma ba su yi ƙarya ba. Waƙar ƙarshe, "Life's Been Good", ta kai minti 8, mutumin yana yi wa kansa da sauran mawaƙa masu kuɗi shaƙiyanci. Jitar ba ta garaje. Takan shigo da nauyi, ta ja da baya ta bar wani ɗan tsalle mai kama da kiɗan rege, sai ka saki jiki sannan ta dawo. Sau uku na mayar da allura kanta daren nan, har mai ɗakina ta ce man janareton fa ba sadaka aka ba mu ba. Na ce ai mai waƙar ya yi takarar wasa ta shugaban Amurka a 1980, da alkawarin fetur kyauta ga kowa. Ta ce to ya zo Legas ya tsaya.

Faifansa na biyu da na saya, Got Any Gum? na 1987, rabin kuɗi Baba ya bar mini, wai ya gaji da ganinsa. Shi masu sharhi sun yi masa kaca-kaca. Na so in musa musu, na kasa. Gangunan sun bushe, kayan lantarki sun danne jitar, barkwancin ma kamar na dole. Ga wani karce a gefe na biyu da ban lura da shi ba saboda duhun shagon, allura na zuwa wurin sai ta yi tsalle.

In za ka je, tafi da tocila, ka karkata faifan a haske kafin ka biya. Na bar wa Baba sallahu ya ajiye mini na 1973, mai "Rocky Mountain Way", in ya faɗo hannunsa.