Sharhi: Kafofin ThinkPad T480 da yadda za ka gane abin da kowace ke ɗauka kafin ka biya kuɗi

ThinkPad T480 ta kamfanin Lenovo ta fito a 2018, kuma har yau ba ta wuyar samu a hannun masu sayar da tokumbo, daga Farm Centre a Kano zuwa Computer Village a Ikeja. Tambayoyin mai saye kusan guda uku ne kullum: Core nawa ce, RAM nawa, batir yana kai awa nawa. Da wuya ka ga wanda ya juya ta gefe ya leƙa ramukan da ke jikinta. Sai an kai gida, an ɗauko kebul ɗin majigi ya ƙi shiga ko'ina, sannan a fara neman lambar mai shago. Wannan sharhi a kan kafofin nan kaɗai ya tsaya, bayan dogon amfani da ita wajen aikin ofis, kwafar fayil da haɗa allo na biyu.

Hukuncina a taƙaice: ta fuskar kafofi T480 mai hannu sake ce, ta fi yawancin siraran kwamfutocin da suka biyo bayanta. Rauninta yana gefen hagu, inda caji yake.

Kafin komai ka tabbatar T480 ɗin ce a hannunka. Sunayen gidan nan suna kama da juna kamar 'yan uwa ɗaya, amma kafofinsu sun bambanta. E480 da L480 ba su da Thunderbolt, wato kafar USB-C mai ƙarin gudu. T470 tana da tsohuwar kafar caji mai kusurwa huɗu. T490 ta koma ƙaramin katin microSD, kuma batirinta ba ya cirowa daga waje. Juya kwamfutar ka duba takardar da ke manne a ƙasanta: T480 tana ɗauke da lambar 20L5 ko 20L6, T480s kuma 20L7 ko 20L8. Idan takardar ta goge, ko kana zargin an canza murfin ƙasa, danna maɓallin Windows tare da R, ka rubuta msinfo32, layin System Model zai nuna lambar da ke rubuce a cikin fanel, wato babban allon cikin kwamfuta da komai ke manne a kansa. Da wannan lamba za ka nemo takardar bayanan samfurin a shafin PSREF na Lenovo, wanda ke jera kowace kafa da abin da take ɗauka. Takardar tana faɗin abin da aka ƙera kwamfutar da shi ne. Ko yana aiki a wannan da ke gabanka, sai gwaji.

Gefen dama ba shi da rikici. Akwai ramin abin kunne mai milimita 3.5, kafofin USB biyu irin na filashi, HDMI cikakkiya, kafar kebul ɗin intanet, ramin katin SD babba irin na kyamara, sai ɗan ramin maƙala kwaɗo. Kafofin USB ɗin duka biyu masu gudun gigabit 5 ne a daƙiƙa. Wannan gudu shi ne ake kira USB 3.0, shi ne USB 3.1 Gen 1, shi ne kuma USB 3.2 Gen 1. Suna aka yi ta sauyawa, abu ɗaya ne, don haka kada mai shago ya ƙara maka kuɗi saboda 3.1 da aka rubuta. Ɗaya daga cikinsu tana da alamar batir a gefe. Ita ce mai ci gaba da ba da wuta ko an kashe kwamfuta, wadda za ka caja waya da ita idan an ɗauke wuta. In ta ƙi yin hakan alhali kwamfutar na kan batir, ba lalacewa ta yi ba: danna F1 lokacin kunnawa don buɗe BIOS, wato shafin saitin kwamfutar na asali, shiga Config, sannan USB, ka kunna Always On USB da Charge in Battery Mode.

Launin harshen da ke cikin ramin USB ba shaida ba ne. An saba shuɗi yana nufin mai sauri, amma kamfanoni ba su ɗaure kansu da wannan ba. Haska tocilan ciki: USB 2.0 yana da ƙarafa huɗu, USB 3.0 yana da tara, wato huɗun nan da ƙarin biyar. Gwajin da ya fi kowane gaskiya shi ne kwafar babban fayil guda, kamar bidiyo mai gigabait biyu ko uku, zuwa faifan SSD na waje. Kafa mai lafiya takan kai wajen megabait 400 a daƙiƙa. Idan gudun ya maƙale tsakanin 30 da 40, haɗin ya faɗo zuwa USB 2.0, kuma dalilin galibi ɗaya ne cikin uku: kebul ɗin na 2.0 ne, ba a tura bakin har ƙarshe ba, ko ƙarafan nan biyar sun lanƙwashe ko datti ya rufe su. Kada ka yi gwajin da filashi mai araha, domin shi kansa ba ya gudu, sai ka ɗora wa kafa laifin da ba nata ba.

HDMI ɗinta 1.4b ce. A allon 1080p ba ka da matsala ko kaɗan. A 4K kuwa sau 30 kawai take sabunta hoto a daƙiƙa, za ka ji linzami yana jan ƙafa. Mai son 4K a 60 sai ya bi ta USB-C da kebul mai zuwa DisplayPort. VGA babu, kuma nan ne ciwon yake ga malamai da masu gabatar da taro, tunda majigi da yawa a makarantu da ɗakunan taro har yanzu shuɗin bakin nan mai fil 15 suke amfani da shi. Maganin shi ne adafta daga HDMI zuwa VGA mai aisi (IC, ɗan guntun lantarki mai sarrafa sigina) a ciki, domin ɗaya siginar lambobi ce, ɗayar tsohon salo, dole a sami abin da zai fassara. Hanya ɗaya adaftar ke bi. Wadda aka yi daga VGA zuwa HDMI ba za ta yi maka aiki ba ko da bakunan sun shiga. VGA kuma ba ta ɗaukar sauti, sai ka nemi adafta mai ramin lasifika a jiki. Idan an jona allo ya tsaya baƙi, danna Windows da P ka zaɓi Duplicate kafin ka yanke wa kafar hukunci.

Kafar intanet gigabit ɗaya ce, cikakkiya, ba mai neman adafta ba. In Windows ta nuna maka 100 Mbps maimakon 1000, duba kebul: gigabit yana buƙatar wayoyi takwas ɗin duka, ɗaya ya tsinke sai ya sauko. Ramin abin kunne na haɗaka ne, sauti da makirfo a rami guda, irin na waya. Tsohon abin kunne mai baki biyu, kore da ruwan hoda, sai da ɗan kebul mai haɗe su.

Yanzu gefen hagu. Kafofin USB-C biyu ne jere, siffarsu ɗaya, aikinsu ba ɗaya ba. Ta baya, kusa da inda murfi ke haɗe da jiki, USB-C ce mai gigabit 5: tana caji, tana fitar da hoto, tana karanta faifai. Ta biyun, mai alamar walƙiya, ita ce Thunderbolt 3. Tana yin duk abin da ta farko ke yi, ga ƙarin gudu da ɗaukar na'urorin Thunderbolt. Sai dai a wannan samfuri layin PCIe (hanyar da bayanai ke bi a ciki) biyu aka ba ta maimakon huɗu, wato rabin abin da Thunderbolt 3 ke iyawa. Ga mai haɗa allo da faifai wannan bai dame shi ba. Mai burin jona katin hoto na waje don wasa ko tace bidiyo shi ne zai ji ƙuncin.

Manne da kafar walƙiyar akwai wani ɗan rami da mutane ke ɗauka USB-C ta uku ce. Ba ita ba ce. Wurin maƙala dok ɗin Lenovo ne na gefe, wato na'urar tebur mai ƙara wa kwamfuta kafofi, kuma cusa masa caja da ƙarfi yana karya ƙarafan ciki. Tsohon dok ɗin da ake ɗora T440 zuwa T470 a kansa ba ya shiga nan, domin T480 ba ta da wannan baki a ƙasanta. Masu shago sukan haɗa su a matsayin gyara. Kada ka karɓa.

Caji ta USB-C kaɗai yake shiga, kuma wannan alheri ne da haɗari a lokaci guda. Alherin shi ne ba ka ɗaure da caja ɗaya ba. Duk caja ko fawa banki mai tsarin Power Delivery da ke ba da volt 20 zai ɗauke ta. Wat 65 ne ya fi dacewa, wat 45 ma yana yi. Ka karanta ƙananan rubutun jikin cajar: in ba ka ga 20V ba, ajiye. Kan cajar waya mai volt 5 bakinsa zai shiga lafiya lau, amma ba zai riƙe kwamfuta tana aiki ba. Kebul ma yana da nasa hukunci. Na gama-gari amfiya 3 yake ɗauka, wato wat 60, kuma ya isa. Amma yawancin kebul ɗin da ke zuwa da waya na caji ne da USB 2.0 kawai, babu wayoyin hoto a cikinsa. Shi ya sa za ka ga kwamfuta tana caji ta kebul ɗin amma allo na biyu shiru.

Haɗarin kuwa, kafofin biyu a liƙe suke da dalma a jikin fanel. A tsofaffin ThinkPad, ramin caji yana kan ɗan kebul ne da ake cirewa a sa sabo cikin minti kaɗan. Nan idan kafa ta sassauta sai mai gyara da ya iya aikin iska mai zafi, in hannunsa ya kauce kuma fanel ya tafi. Saboda haka a shago ka sa caja a kowace kafa daban, ka juya bakin sama da ƙasa, ka ɗan motsa shi a hankali kana kallon alamar batir. Caji ya riƙa zuwa yana ɗaukewa, ko ya yi ta fuska ɗaya kawai, kafar ta gaji. Wani lokaci kuma ƙura ce kawai ta dunƙule a gindin ramin, musamman bayan hunturu, har baki ba ya zama daidai. Kashe kwamfutar, ka zaro dattin da tsinken sakace na itace da aka fiƙe, a hankali, ba tare da taɓa harshen tsakiya ba. Allura ko fil ba su da wuri a nan, suna iya haɗa ƙarafan wuta.

Akwai wata matsala da Lenovo da kanta ta sanar, ta shafi ThinkPad da dama na 2017 zuwa 2019, har da T480. Ƙaramar manhajar da ke tafiyar da aisin Thunderbolt tana da kuskure wanda da tafiyar lokaci yake kashe aikin kafar. Alamomin da kamfanin ya lissafa sun haɗa da USB-C ta daina aiki, caji ya ƙi shiga ta kafar walƙiya, dok ya ɓace, HDMI ta ƙi fitar da hoto, ko kwamfuta ta daɗe kafin ta tashi. Kamfanin ya fitar da gyara, amma tokumbo da yawa sun bar hannun masu su na farko ba a saka musu ba. Buɗe manhajar Thunderbolt a Windows, shiga About, ka duba lambar NVM, wato sigar manhajar aisin. A T480 ana son ta kai 20 ko sama. In ba ta kai ba, sauke direban Thunderbolt, wato manhajar da Windows ke magana da kafar ta ita, ka fara saka shi, sannan manhajar aisin, caja na jone, batir da wuta a ciki, kada kuma a kashe kwamfutar a tsakiya. Wannan aiki ne na ranar farko, kafin ma a kwafo fayiloli. Wadda aisinta ya riga ya mutu, sabuntawa ba kasafai take dawo da ita ba, don haka T480 da kafar walƙiyarta ba ta caji ba abin saye ba ce sai da ragi mai yawa.

Device Manager, jerin na'urorin kwamfuta da ke cikin Windows, yana taimakawa, amma kada a dogara da shi kaɗai. Yana nuna aisin da ke kula da kafofi ne, ba ramukan da ke jikin kwamfuta ba, shi ya sa adadin layukan da ke ƙarƙashin Universal Serial Bus controllers ba ya daidai da abin da ido ke gani. Kyamara, Bluetooth da mai karanta yatsa duk ta USB na ciki suke bi. Thunderbolt ɗin kuma yakan yi barci ya ɓace daga jerin idan ba a jona masa komai ba. Manhajar USB Device Tree Viewer, wadda kyauta ce, ta fi bayyana gudun da kowace na'ura ta samu. Mai Linux ya rubuta lsusb -t: 480M na nufin USB 2.0, 5000M na nufin 3.0.

Kafar da ta yi shiru gaba ɗaya wani lokaci rufe ta aka yi. Yawancin waɗannan kwamfutoci daga ofisoshin kamfanoni suka fito, inda ake toshe USB ko ramin kati don hana fitar da bayanai. A BIOS shiga Security, sannan I/O Port Access, ka ga ko an sa wata a Disabled. Idan BIOS ɗin ya nemi kalmar sirri ta Supervisor kuma mai shago bai san ta ba, mayar masa da kayansa. Cire batirin agogo ba ya goge ta a wannan samfuri.

Abin da na fi jin rashinsa a amfanin yau da kullum shi ne USB irin na filashi guda biyu kacal, duka a dama. Linzami ya ci ɗaya, firinta ko modem ya ci ɗaya, shi ke nan, ga kebul suna gogar hannun da ke riƙe linzami. Ɗan rarraba kafofi na USB-C a hagu yana warware wannan, kuma kafar baya ta ishe shi. In linzaminka mara waya ne, kada ka sa ɗan bakinsa dab da faifan USB 3.0 mai aiki, domin hayaniyar siginar tana shiga zangon 2.4 GHz, linzami ya riƙa tsalle. Matsar da shi ɗaya gefen, kan ɗan rarraba kafofin nan, ko ka sa masa gajeren kebul na ƙari.

Kayan gwajin da za ka je kasuwa da su duk aljihu ɗaya zai ɗauke: faifan waje mai babban fayil, cajar USB-C mai volt 20, katin SD, abin kunne na waya da kebul ɗin HDMI. Allo da kebul ɗin intanet ka ara a shagon. Minti goma sha biyar sun isa a bi kafofin ɗaya bayan ɗaya, ka fara da biyun hagu.