Takardar gwajin pH ko na'ura: wadda ta fi dacewa da aji

Malam, ka tambayi abin da za ka saya wa ajinka: tsakanin na'urar auna pH (wato ma'aunin ƙarfin asid ko alkali a ruwa) mai kama da biro da takardar gwaji mai canza launi, ka sayi takardar. Sai dai ka tabbata mai launuka da yawa ce, wadda ke zuwa da jadawalin lamba 1 zuwa 14 a jikin kwalinta, domin takardar gwaji ta litmas iyakarta ta yi ja a cikin asid ta yi shuɗi a cikin alkali, ba ta faɗin ƙarfin ko ɗaya daga cikinsu.

A makarantar da nake koyarwa a nan Jos, na taɓa shafe mako biyu ina maimaita wa 'yan SS2 bayanin masanin kemistiri Arrhenius, cewa asid shi ne abin da ke sakin H+ (ƙwayar haidirojin mai caji) a cikin ruwa, alkali kuma OH- (ƙwayar haidiroksayid), amma abin da kawai ya zauna musu shi ne zolayar cewa alƙalin kotu ya shigo darasin kemistiri. Da na gaji, sai na ce kowa ya zo da wani abu daga madafin gidansu. Aka jera kofuna a kan benci: lemon tsami, jiƙon tsamiya, ruwan rijiya, jiƙon kanwa da ruwan toka. Takardar ta yi ja a lemon tsami ta tsaya wajen 2, ta koma shuɗi mai duhu a kanwa wajen 10. Wata yarinya da ba ta cika magana ba ta ɗaga hannu ta ce ashe shi ya sa mahaifiyarta ke jefa kanwa a miyar yakuwa don ta kashe tsami. Daga bakinta na shiga ka'idar masana Brønsted da Lowry ta 1923, domin kanwa gishirin kabonet ce, babu OH a cikin ginin sinadarinta, amma tana karɓar H+ daga asid, kuma karɓar nan ce ma'anar alkali da suka bayar. Ban sake rubuta ma'anar a allo ba.

Ba zan ɓoye maka raunin takardar ba. Ma'aunin pH da masani Sørensen ya fito da shi a 1909 yana tafiya ne ninki goma-goma, wato abin da ke kan 2 ya ninka na kan 3 yawan H+ sau goma, saboda haka kuskuren lamba ɗaya da ido kan yi wajen kwatanta launi ba ƙarami ba ne. Ga ɗalibin da ke son ya bambance tsamiya da toka, wannan bai hana komai ba.

Na'urar kuwa ta fi daidaito, na yarda, idan ta sami mai kula da ita. Tawa na bar ta a aljihun tebur lokacin hutun Disamba, hunturu ya busar da ɗan gilashin bakinta wanda ya kamata ya zauna a jiƙe cikin ruwan potasiyam kulorayid, tun daga nan lambobinta ke yawo ko da na saita ta da ruwan saiti mai pH 4 da mai pH 7.

Ka kuma yi hattara da wasu masu shagon kayan gwaji. Akwai mai miƙo maka litmas da farashin mai launuka da yawa, akwai mai sayar da wadda damshi ya riga ya kashe, launinta ya koɗe tun tana cikin kwali. Ka tafi da lemon tsami guda a aljihu, ka gwada ɗaya a gabansa kafin ka biya. Idan ya hana, ka wuce shago na gaba. Kwali biyu za su ishe ka zango guda idan kana raba kowace takarda biyu a tsaye da almakashi, ka kuma adana su a kwalba mai murfi saboda damshin daminar Jos.