Algonquin da hunturu: jira a baranda ko shiga daji?

A gandun dajin Algonquin da ke Ontariyo ta ƙasar Kanada, wanda aka kafa a 1893, mai son kallon tsuntsaye lokacin sanyi yana da zaɓi biyu, dukansu a bakin babbar hanya mai lamba 60.

Na farko, cibiyar baƙi da ke daidai alamar kilomita 43 a kan hanyar. Ana zuba wa tsuntsaye ƙwaya a bayan ginin, kai kuwa ka tsaya a baranda ka zuba ido. Evening Grosbeak, mai ruwan ɗorawa da baki kakkaura, kan sauko garke guda. In sanyi ya ci ka, sai ka koma ciki ka sha ɗumi. Amma abin sa'a ne, domin irin waɗannan tsuntsaye 'ya'yan itace suke bi. Shekarar da itatuwa suka yi albarka can arewa, ba lallai su sauko ba.

Ni dai na fi son na biyu, wato hanyar katako ta Spruce Bog, mai zagayen kilomita 1.5. Ƙafa za ta yi sanyi, wani lokaci ka daɗe ba ka ji ko motsi ba, amma nan tsuntsaye 'yan gida suke, waɗanda ba sa ƙaura. Canada Jay tun kaka yake manna abinci da yawunsa a ɓawon itace don ajiya, shi ya sa macen ke iya kwanci kan ƙwai a watan Maris, ƙanƙara na zubo mata. Spruce Grouse kuwa yakan lafe a reshe yana tsinkar ganye masu kama da allura, har ka matso kusa bai tashi ba. Mai yara ƙanana ko dattijo, gara ya fara da baranda.