Rigar Basel ta kakar 1898/99: abin da na gani a hoto daban, abin da ya iso hannuna daban

Masu tambayata ko rigar nan ta tarihin ƙungiyar Basel ta ƙasar Siwizalan da ake tallatawa a shafukan sayar da tsofaffin jesi ta cancanci kuɗinta, to ku saurara. Farashinta kun sani, kuɗin aikowa ma kun sani, har ya kusa kamo kuɗin rigar kanta, don haka ba zan ɓata muku lokaci a nan ba. Ni ɗan Barcelona ne tun ina makarantar firamare, kuma abin da ya ja ni ke nan. Hans Gamper, wanda 'yan Kataloniya suka mayar Joan Gamper, mutumin Siwizalan ne, ya taɓa taka leda a Basel kafin ya je ya kafa Barcelona ranar 29 ga Nuwamba 1899. Ja da shuɗin ƙungiyoyin biyu iri ɗaya ne a ido. Na ce bari in mallaki rigar da ta girmi ƙungiyata.

A hoton talla an nuna gaban rigar kawai: ja da shuɗi, dogon hannu, kwala da maɓallai uku, kamar yadda ake gani a hotunan 'yan ƙwallon wancan zamani. Da na buɗe ledar na juya bayanta sai na ga an manna GAMPER da manyan baƙaƙe, ƙarƙashinsa lamba 10 ɓaro-ɓaro da farar roba mai sheƙi. Wallahi sai da na zauna. Ban nemi a buga suna ba, babu ma wurin da aka tambaye ni. Kuma wane suna, wace lamba, a 1898? A lokacin babu ɗan wasan da ke sa lamba a baya. A Ingila ma, inda ƙwallon ta samo asali, sai a 1928 aka fara gwada lambobi, ba su zama dole a gasarsu ba sai 1939. Sunan ɗan wasa a bayan riga kuwa abu ne na jiya-jiya. Abin da ya fi ƙona min rai, Gamper ba ya cikin 'yan wasan Basel a waccan kakar. Tun 1897 aiki ya kai shi Lyon ta Faransa. Wato mai kayan ya lura 'yan Barcelona ne ke sayen rigar, sai ya liƙa mana sunan da zai sa mu buɗe aljihu.

Na rubuta musu. Amsar farko ta na'ura ce, irin wadda ke gode maka da haƙurin da ba ka ce ka yi ba. Ta biyu mutum ne, ya ce wai kyauta ce suka ƙara min, wasu ma kuɗi suke biya a buga musu. Na ce masa malam, kyautar da ta ɓata abin da aka saya ai ba kyauta ba ce. Ya ce in mayar da rigar a canza min, amma kuɗin mayarwa a kaina. Kowa ya san abin da aika kaya Turai ke ci daga nan. Na bar maganar a nan, na jefa rigar kan kujera.

Sai daga baya na lura da wani ɗan littafi a ƙasan ledar, bai fi tafin hannu ba, an rubuta shi da Jamusanci da Turanci. Na ɗauka takardar yadda ake wanki ce. Ashe labarin kakar wasan ne gaba ɗaya, kuma a gaskiya wanda ya rubuta shi ya san aikinsa, ba kamar wanda ya buga bayan rigar ba. Anya ma sun taɓa haɗuwa?

An kafa Basel ranar 15 ga Nuwamba 1893, bayan wani mai suna Roland Geldner ya sa cigiya a jarida yana neman masu sha'awar ƙwallo, shi ne kuma ya zama shugabanta na farko. Filinsu Landhof. Hukumar ƙwallon ƙafa ta ƙasar an kafa ta a 1895 a garin Olten, amma sai a kakar 1898/99 ta fara shirya gasa da kanta. Wadda aka yi kafin nan, da Grasshopper ta Zurich ta lashe, wata jaridar wasanni ce ta haɗa. Duk 'yan dagaji ne, ɗalibai da akawu da 'yan kasuwa, babu mai karɓar albashi, su ne ma ke biyan kuɗin ƙungiya. An raba ƙungiyoyi zuwa rukuni uku bisa yanki, kuma wanda aka doke ya fita. Basel ta faɗa rukunin tsakiya, ita da maƙwabciyarta ta gari ɗaya, Old Boys. Shi ke nan rukunin, su biyu rak.

Wasan farko a Landhof, 13 ga Nuwamba 1898, aka tashi kunnen doki 1-1. Aka sake haɗuwa 18 ga Disamba, aka yi ƙarin lokaci, duk da haka 2-2. Nan ne wajen da ya sa na manta da haushin riga. 'Yan Old Boys suka ce ƙwallon farko da Rudolf La Roche ya ci wa Basel da hannu ya zura ta. Suka kai ƙara hukuma. Hukuma ta zauna, ta yarda da su, kuma maimakon ta ce a sake wasa, sai kawai ta ɗauki alƙalami ta cire ƙwallo ɗaya daga lissafi. 2-2 ta koma 2-1. Basel ta fita daga gasar farko da ta taɓa shiga ba tare da an doke ta a fili ko sau ɗaya ba. Kakar wasanta ta gasa gaba ɗaya wasa biyu ne, sauran duk na sada zumunta.

Ku yi tunani, babu kyamara, babu bidiyo, babu alƙalin da ke zaune a ɗaki yana maimaita hoto. Sheda ce kawai ta baki, wane ya ce ya gani, wane ya ce bai gani ba. Mu da muke zagin VAR a gidan kallo kowane mako, da wannan hukumar aka haɗa mu da ban san me za mu yi ba. Na karanta wa 'yan majalisarmu wannan shafin, aka kusa raba dare ana musu. Wani ɗan Madrid ya ce ai dama tun daga tushe masu ja da shuɗi da hannu suke ci. Na ƙyale shi, don ranar ba ni da ƙarfin faɗa biyu.

Old Boys ɗin ma nasarar ba ta yi musu albarka ba. Sun kai wasan ƙarshe, Anglo-American Club ta Zurich ta lallasa su 7-0. Ita wannan ƙungiya yawancinta ɗalibai ne 'yan Ingila da Amurka da ke karatu a babbar makarantar fasaha ta Zurich, kuma ba ta daɗe ba bayan haka ta watse. Zakaran farko na gasar hukuma yau babu shi. Basel da aka cire da alƙalami kuwa ta jira har 1953 kafin ta ɗauki kofin gasar, ita ce kuma daga baya ta zama gidan da Mohamed Salah ya fara sauka a Turai a 2012.

Abin da ya ƙara burge ni, littafin bai yi ƙaryar da na zata ba game da launi. Ya faɗa ƙarara cewa batun Barcelona ta ɗauko ja da shuɗi daga Basel zance ne da ake taƙaddama a kai, akwai masu cewa 'yan gidan Witty, 'yan asalin Ingila da suka taka wa Barcelona leda tun farkonta, su ne suka kawo launin daga makarantarsu ta Merchant Taylors a Ingila. Ban ji daɗin karantawa ba, amma na girmama shi. A nan zuciyata ta yi sanyi, har na fara cewa to, a bar rigar a matsayin gyara, littafin ne cinikin. Na yi niyyar ba su tauraro huɗu.

Sai aka wanke ta. Da ruwan sanyi, da hannu, yadda suka rubuta a wuyan rigar. Jan ya zuba ya shiga shuɗin, wajen ɗinkin tsakiya ya koma wani launi kamar zoɓon da aka tsinka da ruwa. Maɓalli ɗaya ya fita. Yadin da suka kira auduga mai kauri irin ta da, ana shanya shi ya nuna kansa, rabinsa roba ce, in ka sa da rana sai ka ji kana dahuwa. Amma kun san abin da bai ko motsa ba? GAMPER da lamba 10. Suna nan fes, ko gefe bai ɗaga ba. Duk ingancin da ke cikin rigar nan a wajen ƙaryar suka zuba shi.

Na kai wa telanmu ko zai iya ɓare rubutun, ya duba ya ce in aka sa masa dutsen guga yadin ne zai fara narkewa kafin robar, sai dai ya ɗora wani ƙyalle a kai. Na ce ya bari tukuna. Na sake rubuta wa masu kayan da hoton yadda ta zuba, suka aiko min da rangwamen kashi goma cikin ɗari a kan sayayya ta gaba. Sayayya ta gaba!

Tauraro biyu na ba su, kuma duka biyun na wanda ya rubuta littafin ne. Wanda ya nace sai ya saya, ya rubuta musu kafin ya biya cewa kada a buga komai a baya, ya ajiye hoton amsarsu, kuma kada ya haɗa ta da fararen kaya a bokiti ɗaya.